Mun Kai Ƙeyar Ummaru Wanzam Badun

Tun ranar da muka dawo ba ku bar ni na sha shayi da zafinsa ba. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, a rumfar albasata da ke kasuwar Dantokpa, tambayar ɗaya ce: "Garba, yaya Badun? Wai da gaske an fasa kan Ummaru kamar kwakwa?" Na ba da labarin nan sau dubu bakwai, kuma kullum sai ya ƙara ƙiba, har shekaranjiya na ji bakina yana cewa likitoci arba'in ne suka taru a kansa. To bari in rubuta shi sau ɗaya, in rage ƙarya gwargwadon iko. Mai neman dariya zai tsinci kaɗan, amma ba ita muka je nema ba.

Ga wanda bai san shi ba, Ummaru taubashina ne, ɗan gwaggona, wanzamin rabin Zongon Kwatano. Ubansa ne ya zana mini tsagar Gobir ɗin nan da ta cinye mini fuska, shi kuma ya yi wa 'ya'yana biyar askin suna. Shekara shida yana fama da ciwon ƙeya. In ya yi tari, ko atishawa, ko dariya, sai ya dafe bayan kansa ya durƙusa kamar an maka masa taɓarya. Ku duba halin da na shiga: ni da ba ni da aiki bayan albasa sai ban dariya, taubashina ya fara canza hanya in ya hango ni.

Daga baya abin ya sauko hannu. Wata safiya ya ɗauki butar ruwan zafi ta jikinta, ba ta mariƙi ba, fatar tafinsa ta saluɓe, bai ji komai ba. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara zubewa. Kun san Zongo. Kafin la'asar kalmar ta zaga: kuturta. Mutanen da ya yi wa aski tun suna jarirai suka koma wurin Hamani Bazabarme, suna sunkuyar da kai in za su wuce inuwarsa.

Likitan Kwatano ya duba shi ya ce ba kuturta ba ce, daga sama abin yake, can inda kai ya haɗu da wuya. Ya rage murya ya ce: "Manyan gwamnati, su kamarad, jirgi ake sa su zuwa Turai. Ku kuwa, mafi kusa da ku Ibadan." Wato Badun. Ya rubuta mana takarda.

A lokacin matata Asabe tana da cikin wata shida. Ummaru ya nuna ni da shanyayyen yatsansa ya ce: "Kai mai warin albasa, zan dawo da hannuna kafin matarka ta sauka. Bazabarme ba zai taɓa kan jinin gidanmu ba." Wannan shi ne abin da muka je nema. Hannu.

Kwana uku na yi ina zarya gidan delege, wakilin gwamnati a unguwa, kafin ya buga mana hatimin izinin fita. Sau nawa na ce masa a shirye nake don juyin juya hali, Allah kaɗai ya sani. Har akuyarsa na gaida da kamarad. Da takarda ta fito, sai na yi abin da har yau yake cina. Jajibirin tafiya na ce ba a shiga doguwar hanya da mataccen jini a ƙeya, haka iyayenmu suka yi. Wanzami ba ya iya yi wa ƙeyarsa ƙaho, don haka na je na ɗauko Hamani. Ummaru ya yi ta tsaki, amma ya sunkuya. Ƙaho huɗu aka kafa masa. Na tsaya ina kallon baƙin jinin ina cewa: "Ka gani? Rabin ciwon ya fita. Likitan Badun sauran kawai zai kwashe."

Da hantsi muka shiga mota. Na kama mana kujerar gaba, muka nannaɗe wuyansa da tawul, don kowane rami na hanya a ƙeyarsa yake sauka. Ya ƙi barin zabirarsa a gida. Na ce, "Asibiti za mu, ba suna ba." Ya ce uban kowa ya san wanzami ba ya kwana nesa da askarsa.

A Igolo, bakin iyaka, zabirar nan ta kusa kwana da mu. Wani jandarma mai gemun kwana uku ya zazzage ta a tebur: asake, ƙahoni, 'yan ƙulle-ƙullen magani. Ya ce kayan tsafi ne, kuma gwamnatin juyin juya hali tana yaƙi da matsafa.

Na ce, "Kamarad, wanzami ne."

Ya shafa haɓarsa ya ce, "Wanzami? To ya aske ni mu gani." Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe maƙogwaro.

Na dubi Ummaru, na ga ya ɗauki aska, yatsunsa suna neman ƙotarta kamar makaho na lalube. Na hango maƙogwaron jandarma, na hango mu a gidan kaso har jikokinmu su yi furfura. Sai na kamo hannunsa na buɗe tafin, ƙunar nan da ramin naman suka bayyana, na ce da ƙarfi: "Ba laifi, kamarad, zai aske ka. Ai likita ya ce ba kowa take kamawa ba."

Mutumin nan ya tashi har kujera ta kife. Da bakin sanda ya turo mana kayan, ya buga hatimi da hannun hagu yana kau da fuska.

Na shiga mota ina jiran yabo. Muka wuce Idiroko, muka wuce shingayen sojoji da suka fi ramukan hanya yawa, yabo bai zo ba. Sai a Abekuta, da muka tsaya sallah, Ummaru ya ce yana kallon ƙasa: "Duk Zongo sun faɗa. Kai kaɗai ne ba ka faɗa ba, sai yau."

Badun gari ne da aka zuba a kan tuddai, rufin kwano mai tsatsa iyakar ganinka. Mu da muka saba da Kwatano shimfiɗaɗɗe, inda ruwan sama ke shigo maka ɗaki ya gaishe ka, nan ko masallaci za ka sai ka yi hawan da zai sa ka tuba. Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan Alhaji Sule mai goro. Can ba a shiga haka kawai kamar Zongonmu. Sai kana da mai gida, shi ne zai tsaya maka a kan komai. Ya ba mu ɗaki kusa da ma'ajiyar goro, har yau in na ji ƙamshin ɗanyen ganye sai gabana ya faɗi.

Ranar farko na ce bari mu ci abincin gari. Aka kawo amala, tuwo baƙi kamar an tuƙa shi da fushi, da miya mai yauƙi, da jar miya a kai. Barkonon da ke cikinta zai ishe Zongo azumi guda. Ummaru ya kai loma ɗaya, tari ya sarƙe shi, ya zube gefe yana riƙe da ƙeya, idanunsa sun juye. Daga ranar uwargidan Alhaji ta karɓi cikinsa: kunu da safe, tuwon shinkafa miyar kuka ba yaji da yamma. Ba ta taɓa yarda mun ga fuskarta ba, sai dai kwano ya fito, kwano ya koma. Allah ya saka mata.

Wani abin da ya ba ni mamaki, gaisuwarsu. Ƙato da kwat da takalmi mai ƙyalli zai ga tsohuwa ya kwanta rub da ciki a ƙasa. Na ce wa Ummaru, a wurinmu da kowa ya zama kamarad, minista da mai tura kura, in ka yi haka sai a kai ka a sake maka tarbiyya. Ya ce, "Rufe mini baki kada ka sa ni dariya."

A asibiti Allah ya haɗa mu da Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin masu ciwon kai. Bayarabiya ce mai jiki, a Gusau aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta gyara maka taka. Tana ganin fuskokinmu ta tafa hannu: "Lale! Bayina Gobirawa sun zo, har biyu! Wa ya kwance ku?" Kun san wasan da ke tsakaninmu da Yarabawa. Na ce, "Mun zo duba gonarmu ne, mu ga ko kuna noma." Ita ce ta zama bakinmu da kunnenmu har muka bar garin.

Likitan ɗan siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya sa Ummaru ya yi tafiya a kan layi, ya duba idanunsa, ya soka masa allura a yatsu, sannan ya ce ya sunkuya. Ya ɗaga tawul ɗin. Tsagar ƙahon nan huɗu, biyu sun yi ruwa, zafin hanya da gumi sun sa sun kumbura. Ya yi magana a hankali, Sista ta juyo, wasan ya bar fuskarta.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Gyaran hanya ne."

"Daidai nan wuƙa za ta bi. Ba a buɗe kai ta cikin miki mai ruwa, ƙwayar cuta za ta bi ta shiga ƙwaƙwalwa. Sai ya warke sarai."

Mako uku muka yi muna jiran ƙeya ta bushe. Mako uku ina kallon Ummaru yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin rigarsa. A mako na biyu ƙaramin yatsan dama, wanda da yake motsi, ya lanƙwashe ya tsaya. Bai ce laifina ba ne. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

A cikin jiran aka yi masa hoto, irin wanda ake zuba magani ta ƙashin baya a karkata gado har kai ya yi ƙasa. Kwana biyu yana amai bayansa. Sannan likita ya zaunar da mu, ya zana a takarda. Ya ce sunan ciwon Kiyari. Na ce ashe Babarbare ne ya shiga kan taubashina. Sista ta harare ni. Likita ya ce a gindin ƙoƙon kai akwai rami inda laka ke fita ta gangara cikin ƙashin baya. Ƙeyar Ummaru tun haihuwa ta yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan, sai gindin ƙwaƙwalwar ya zurmo cikin ramin ya toshe shi, kamar tsumma a bakin tulu. Ruwan da ya kamata ya riƙa zagayawa ya rasa hanya, ya taru a cikin lakar, yana cin jijiyoyin hannu. Aikin shi ne a yanke ɗan ƙashi a ƙeya da bayan ƙashin wuya na farko, a tsaga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, a yi masa faci don wuri ya yalwata. Ya faɗi abin da ka iya biyo baya, bai ɓoye ba: zubar ruwan kai, zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, har barcin da ba a tashi.

Ummaru ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu. "Waɗannan fa?"

Sista ta fassara amsar ba ta dube shi ba. "Ya ce ciwon kai, yana sa rai zai tafi. Hannu kuwa, aikin don a tsayar da ɓarnar ne inda ta kai. Abin da ya riga ya mutu, wani yakan ɗan farfaɗo cikin watanni, wani ba ya dawowa. Ba zai yi maka alkawari ba."

Na tare ta a waje na ce ta tambayar mini likita, mako ukun nan ne suka ci yatsan? Ta dawo ta ce wai shekara shida ce ta ci, ba mako uku ba. Na ce, "Haka ya ce, ko haka kika ce?" Ta ce, "Bagobiri, je ka ba da jini." Aka ɗebi jinina, a ganina ya kai garwa biyu, aka ba ni shayi rabin kofi.

Safiyar aiki Sista ta zo da reza ta aske masa ƙeya. Nan ne kaɗai na ga Ummaru na da. "Wa ya koya miki? Ba a bin gashi ta nan! Jiƙa shi tukuna, baiwar Allah, kan mutum ne ba doya ba!" Ta ce, "In ka tashi ka rama." Aka tura shi. Ya miƙo mini zabira ya ce in riƙe.

Tun hantsi har bayan la'asar ina zaune a benci da zabira a cinya. Ni da ake cewa ko a makabarta sai na sa wani murmushi, ranar ko mai sayar da lemo ban tanka wa ba.

Masu tambaya ko an tashi daga aikin nan garau, ku ji. Na same shi da robobi a hannu da wani a mafitsara, kai a naɗe, fuska a kumbure don a kife aka yi masa aikin. Kwana biyu yana amai, kuma kowane amai sai ya yi ƙara. Wuyansa ya sandare kamar turmi, in zai dube ka sai ya juyo da jiki duka. Ya ce ciwon da ya zo da shi ƙanen wannan ne. Ga wani ɗinki a cinya, don daga nan aka yanko facin. Na ce, "Yanzu cinyarka ta hau kanka, sai ka riƙa tunani da ƙafa." Ya ce, "Sista, fitar mini da shi."

Rana ta uku suka tashe shi tsaye, wai kwanciya ba ta warkarwa. Taku biyar ya yi jiri ya kwashe shi. Kashegari goma. Ana ba shi maganin sassauta ciki don kada ya yi yunƙuri a bayan gida. Ni kuma aka ba ni aikin duba matashin kai: in na ga ruwa fari kamar hawaye, in kira. Rana ta shida na gani, da'ira kamar bakin kofi. Aka ƙara ɗinki, aka zuƙi ruwa ta bayansa da allura, aka mayar da shi kwance, ana auna zafin jikinsa kamar ana jiran baƙo. Zazzaɓin bai zo ba, alhamdu lillahi. Wani kumburi kamar ƙwan zabo ya fito a ƙarƙashin ɗinkin, ya yi kwanaki, ya sace da kansa.

Kowace safiya likita na zuwa da allura da kwalabe biyu, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya na sanyi, yana taɓa masa yatsu. Ummaru sai ya ce, "Na ji. Zafi. Sanyi." Duk daidai. Har na fara murna, sai Sista ta lura ta gefen ido yake leƙe. Ta ɗaure masa fuska da ƙyalle. Aka soka allura har jini ya ɗigo, yana zaune yana jira a fara.

Ana gobe za a sallame mu atishawa ta kama shi. Na ga ya runtse ido, ya kai hannu ƙeya yana jiran taɓaryar. Ba ta zo ba. Ya buɗe ido ya ce, "Garba, ba ta zo ba." Sista ta yi guɗa irin tasu. Sannan ta jero mana doka: ba ɗaukar kaya, ko bokitin ruwa, har wata uku; ba hawa bayan babur; sallah a zaune, sujada da ishara har wuya ya saki; in ya ga ruwa, ko zazzaɓi, ko kai ya dawo da sabon ciwo, mu juyo ko ana ruwan wuta. Da za mu fita ta ce, "Na 'yanta ku. Kada in sake ganinku." Ta juya da sauri.

Dawowa ba abin faɗi. Jandarman Igolo ya gane mu, ya buga hatimi tun daga nesa.

Sauran kun gani da idonku, ko kuna zaton kun gani. Kun ga Ummaru yana zagaya unguwa da safe a hankali, yana matsa ƙwallon roba a hannu. Kun ga ɗinkin da ya sauko daga ƙeya zuwa wuya, kun daina cewa kuturta, ko da yake ba wanda ya dawo inuwarsa. Kun ji Asabe ta sauka, namiji. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar kwana shida da haihuwa.

Da hantsi ya shigo zaurena da zabira. Ya ce, "Cire hula. Kafin in taɓa ɗan, bari in gwada a kan uban, in ya lalace ba a yi asara ba." Na zauna a tabarma. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska a fata. Na ji ta sauka. Wallahi da farko kamar da: sanyi, santsi, hannun hagu yana jan fata, na dama yana bi. Ya gama ɓangaren dama. Ina ta zuba, ina cewa gobe Hamani zai koma kiwon raƙuma.

Sai na ji ɗumi yana gangaro mini ta bayan kunne. Na shafa, jini. Na yi ihu: "Wayyo, ya yanka ni! Jama'a, taubashi ya yi layya da ni!" Ya ce, "Ƙarya kake, ban ji ta kama ba." Na laluba kaina ko'ina, babu yanka. Na juya. Babban yatsansa na hagu ne, askar ta shiga har ta kusa ƙashi, jini yana bin gwiwar hannunsa, shi kuwa yana tsaye yana neman mikin a kaina.

Muka dubi yatsan tare. Na yage bakin rigata na ɗaure masa. Ya goge askar, ya naɗe ta, ya mayar cikin zabira. Ya ce, "Aika a gaya wa Hamani, gobe bayan an raɗa suna. Ka ce ya zo da tasa askar."

Sannan ya ɗago ya ga kaina, rabi fes kamar ƙwarya, rabi daji. Dariya ta ƙwace masa. Dariya sosai, har da riƙe ciki, irin wadda rabona da jin ta shekara shida, kuma bai dafe ƙeya ba. Ya yi ta har hawaye suka zo, hawayen kuma suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta tsaya.

Ranar suna shi ya riƙe jaririn a cinya Hamani yana aski. Abin da kawai ya ce shi ne, "Sassauta a maɗiga." Yaron sunansa Ummaru.

Masu tambaya me ya sa ko a cikin zafin nan ba na cire hula, ga dalili. Hamani ya ce in zo ya ƙarasa mini, na ƙi. Likita ya ce wani hannun yakan farfaɗo cikin watanni, to wanda ya fara shi zai ƙarasa. Kowace safiya in zan tafi kasuwa nakan biya ta inuwar Ummaru, in ɗaga masa hula, ya yi dariya, in wuce. Amma gashi ba ya jira. Ɓangaren da ya aske ya kusa kamo ɗan'uwansa. Yau da safe na ɗaga hular, ya duba, ya duba, ya ce, "Ya toho," ya ci gaba da matsa ƙwallonsa.